Na fasa oda, sun ce sai sun cire kashi 20: haƙƙinsu ne ko cuta ce?

Tambayar da aka aiko ta ce: "Na yi odar firinta ta intanet da daddare, na biya kuɗi. Washegari da rana na gano ba irin wadda nake buƙata ba ce, sai na aika musu cewa na fasa. Suka ce to, amma za su cire kashi 20 cikin 100, wai kuɗin mayar da kaya sito. Kayan nan ko ganinsu ban yi ba. Suna da wannan haƙƙin? Ni kuma ina laifina a ciki?"

Malam, sannu da haƙuri. Na yi shekaru ina aiki a sashen karɓar kayan da aka dawo da su a wani kamfanin sayar da kaya ta intanet, har ta kai ni ke sa hannu a kan wanda za a cire wa kuɗi da wanda za a yafe wa, saboda haka wannan rigimar na san ta ciki da bai. Akwai abu uku da ba ka faɗa ba, kuma a kansu amsar ta rataya. A ina firintar take a daidai lokacin da saƙonka ya isa gare su? An nuna maka wannan sharaɗin kafin ka biya, ko sai da ka fasa ya ɓullo? Sannan a wace ƙasa kake, shi kuma mai sayarwar a wace ƙasa yake? Na farkon ya fi sauran nauyi a wurina, kuma shi ne wanda masu saye ba sa gani, don haka bari in shiga da kai cikin sito.

Da ka danna maɓallin biya da daddare, manhajar sito ta cire firinta ɗaya daga lissafin abin da ya rage ta ajiye ta da sunanka. Idan ita ce ta ƙarshe, duk wanda ya zo bayanka za a ce masa ta ƙare. Da safe ma'aikaci zai ɗauki na'urar karanta lamba ya bi layin kantoci, ya sauko da ita, ya turo ta a amalanke zuwa teburin ɗauri. A can za a sa ta cikin kwali na biyu, a cusa soso ko takarda gefe da gefe, a liƙe da salatif, a buga takardar adireshi a manna. Daga nan sai a jera kwalaye a kan katakon lodi, a naɗe su da leda, a jira mota. Kowane sito yana da lokacin da motar jigila ke tashi. A namu da la'asar ne. Kafin motar ta tashi kayanka suna hannunmu, ko an ɗaure su ana iya zaro su. Da zarar ta fita daga ƙofa sun shiga hannun wasu, kuma juyo da su sai da kuɗi. Kai ka ce da rana ka fasa. To awa biyu kacal a wannan ranar na iya sauya hukuncin baki ɗaya.

Idan saƙonka ya iske firintar tana zaune a kan kanta ba a taɓa ta ba, to babu abin da za a mayar sito, tunda ba ta fita ba. Asara ɗaya tak mai sayarwa zai iya nunawa a nan, ita ce ladan masu sarrafa biyan kuɗi. Duk cinikin da aka yi da kati, kamfanin da ya sarrafa biyan yana yankar ɗan kasonsa, galibi wajen kashi biyu zuwa uku, kuma da yawansu ba sa mayar da wannan kason idan ciniki ya warware. PayPal ya daina mayarwa a Amurka tun 2019, Stripe ma ba ya mayarwa. Wannan asara ce ta gaske, musamman ga ƙaramin ɗan kasuwa mai cin riba kaɗan. Amma tsakanin kashi uku da kashi 20 akwai tafiya mai nisa. Wasu masu sayarwar ma ba sa zare kuɗin daga katinka sai ranar da kaya suka tashi. Kafin nan riƙewa kawai banki ke yi, kuma sakin riƙon kusan ba ya cin komai.

Na taɓa yin sa-in-sa da wani shugabana a kan irin wannan. Wata mata ta yi odar na'urar sanyaya ɗaki, ba ta fi minti goma ba ta rubuto cewa ta yi kuskuren girma, a soke. Manhajarmu ta cire mata kashi 15 kai tsaye, domin haka aka saita ta. Na je na duba da idona: na'urar na nan a kan kanta da ƙurarta, ko takardar ɗauko ta ba a buga ba. Na ce masa, wane aiki muka yi wa matar nan da za mu karɓi lada? Ya ce sharaɗi sharaɗi ne, ta yarda da shi lokacin da ta biya. Mun daɗe a kai kafin ya bari na mayar mata, shi ma don tsoron abin da za ta rubuta a kanmu ne. Tun daga ranar na gane cewa sau da yawa ba wani mutum ne ya zauna ya yanke shawarar cire maka kuɗi ba. Manhaja ce, kuma ma'aikacin da ke amsa maka saƙo karanto abin da ya gani a allo kawai yake yi. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani a gaba.

Idan kuwa an riga an ɗaure, an manna adireshi, amma mota ba ta zo ba, an yi ɗan aiki: kwali, soso, mintunan ma'aikaci biyu, da nemo kwalinka cikin ɗaruruwa a tsakiyar lodi, wanda ba ƙaramin ɓacin rai ba ne ga masu ɗauri idan lokacin mota ya matso. Duk da haka ƙaramar asara ce. Inda magana take yin nauyi shi ne bayan mota ta tashi. An biya kuɗin kaiwa kuma ba zai dawo ba. Tare kaya a hanya yana da nasa cajin, idan ma kamfanin jigilar ya yarda ya tare. Dawo da su wani kuɗin ne. Ga kuma haɗarin hanya sau biyu, domin kwalin da ya yi tafiya ya dawo da wuya ya iso da kusurwoyinsa lafiya, kuma mai saye na gaba ba ya son kwali mai lotsewa ko da na'urar cikinsa garau take.

Asalin inda wannan kuɗin ya samo hujjarsa shi ne teburin da na fi daɗewa a kansa, inda ake buɗe kayan da mai saye ya riga ya buɗe. Ɗauki firinta irin taka. Mutum ya yanke hatimi, ya ciro ta, ya ɓare shuɗin salatif ɗin da ke riƙe da sassanta, ya sa tawada, ya buga shafi biyu, sannan ya ce bai so. Ta dawo mana wayar wuta a cukuikuye, littafin bayani babu, soson da masana'anta ta yanka daidai jikinta an jefar an cusa tsohuwar jarida a madadinsa. Dole wani ya gwada ta, ya duba lambar jikinta ta yi daidai da wadda muka aika, ya goge sunan intanet ɗin gidan mutumin daga ƙwaƙwalwarta. Tawadar da aka buɗe ta fara bushewa. Kuma bayan duk wannan ba za mu iya sayar da ita a matsayin sabuwa ba, sai dai a manna mata takardar "an buɗe kwali" a karya farashi. A irin wannan, kashi 15 ko 20 wani lokaci ma ba ya rufe ramin. Haka abin yake ga kayan da mai sayarwa ba ya ajiyewa, sai ka yi oda ya nemo maka daga masana'anta. Idan ka fasa, ita ma masana'antar sai ta cire nata kafin ta karɓa, ko ta ƙi karɓa sam, kayan su zauna masa a wuya.

Abin da ban taɓa yarda da shi ba shi ne auna kowa da mudu ɗaya. Wanda ya fasa cikin minti goma da wanda ya yi sati biyu yana amfani da kaya a ce kason da za a cire musu ɗaya ne, wannan lalaci ne a wajen lissafi, kuma lalacin da riba ke bayansa. Shi kansa lissafi da kaso gurgu ne. Ƙaramar na'ura mai tsada da ta dawo da hatiminta ba ta ci mana komai ba sai minti biyar, amma kashi 20 ɗinta kuɗi ne mai yawa. Katafaren kabad mai araha kuwa sai mutum biyu sun ɗaga, kashi 20 ɗinsa ko motar dawo da shi ba zai biya ba.

Yanzu doka. A nan ƙasashe sun rabu sosai, kuma wanda ya ce maka "doka ta hana" ko "doka ta yarda" ba tare da ya tambaye ka inda kake ba, bai san aikin ba.

Tarayyar Turai ce ta fi tsaurara wa masu sayarwa. Dokarta ta haƙƙin masu saye ta 2011, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2014, ta ba duk wanda ya sayi kaya daga nesa kwana 14 daga ranar da suka iso hannunsa ya fasa ba tare da faɗin dalili ba, kuma yana iya fasawa tun kafin su iso. Hikimar a fili take: sayen intanet cinikin biri a sama ne, ba ka taɓa ba, ba ka gwada ba, hoto kawai ka gani. Idan ka fasa, mai sayarwa zai mayar maka da kuɗin kayan har da kuɗin kaiwa na gama-gari cikin kwana 14, sai dai yana da damar ya riƙe har kayan su dawo ko ka nuna shaidar ka aika. Abin da ke wuyanka shi ne kuɗin aikawa da su baya, shi ma sai idan an sanar da kai tun farko. Kuɗin mayar da kaya sito ba shi da gurbi a nan ko kaɗan. Idan ma mai sayarwa bai sanar da kai wannan haƙƙin ba, wa'adin yana ƙaruwa da wata 12. Birtaniya tana da irin wannan tsarin a ƙa'idojinta na 2013, kuma ficewarta daga Tarayyar bai soke su ba.

Amma dokar ba ta sake wa mai saye linzami gaba ɗaya ba. Ta ce kana iya duba kaya gwargwadon yadda za ka duba su a kanti don sanin irinsu da yadda suke aiki. Abin da ya wuce haka, idan ya rage musu daraja, kai za ka biya ragin. Ka lura da bambancin: asarar da aka gani aka auna ake cirewa, ba wani kaso da aka yanke tun kafin a ga kayan ba. Iyakar "dubawa" kuwa har kotu an sha zuwa a kanta. A 2019 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a kan wani mutum a Jamus da ya sayi katifa ta intanet ya cire ledarta sannan ya fasa. Mai sayarwa ya ce kayan tsafta ne, an buɗe ba a dawowa. Kotun ta ce a'a, katifa ana iya tsabtace ta a sake sayarwa, kamar tufafin da aka gwada, don haka haƙƙinsa bai faɗi ba. A ɗaya ɓangaren, kayan da aka yi musamman a kan awonka ko zaɓinka ba sa cikin wannan sassaucin, haka kayan da ke saurin lalacewa da manhajar da aka yanke hatiminta. A 2020 wannan kotun dai, a shari'ar kamfanin kayan ɗaki na Möbel Kraft a kan kabad ɗin kicin da aka yi oda a kan awo, ta ce mai saye ba shi da damar fasawa ko da ba a fara yanka katakon ba. Wannan hukuncin ya ba mutane da yawa mamaki, ni ma har da ni.

Amurka akasin haka take. Babu dokar tarayya da ta ba ka damar dawo da kayan intanet don kawai ka sauya ra'ayi. Ƙa'idar kwana uku da mutane ke yawan ambata ta shafi masu bi gida-gida suna talla ne da makamantansu, ba ta shafi sayen intanet ba. Saboda haka a can sharaɗin mai sayarwa ne ke aiki, kuma kashi 10 zuwa 25 abu ne da aka saba gani a kayan lantarki da kayan ɗaki, muddin an bayyana shi kafin ciniki. Wasu jihohi kamar Kalifoniya da Niyok sun wajabta a nuna sharaɗin mayar da kaya a fili. Abin da hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta tsaya a kai shi ne jinkiri: mai sayarwa ya aika kaya a lokacin da ya yi alkawari, ko cikin kwana 30 idan bai faɗi lokaci ba, in ya kasa kuma ya ba ka zaɓin fasawa da karɓar kuɗinka cif.

Sauran suna tsakanin waɗannan biyun. Birazil ta ba da kwana bakwai tun dokarta ta 1990. Sin ta ba da kwana bakwai ba tare da dalili ba tun Maris ɗin 2014, da sharaɗin kaya su dawo lafiya kuma mai saye ya biya kuɗin aikawa. Afirka ta Kudu ma kwana bakwai ne a dokarta ta cinikin lantarki ta 2002. Dokar kare masu saye ta Najeriya ta 2018 ta ce kana da damar soke oda, amma mai sayarwa na iya cajin abin da bai wuce kima ba. Ostireliya kuwa ba ta tilasta wa kowa karɓar kaya don mai saye ya sauya ra'ayi. Sannan akwai wani tarko da ya shafe ka kai tsaye, tunda firinta ce: kusan duk wannan kariya ta wanda ya saya don amfanin kansa ce. Idan da sunan kamfani ko ofis ka yi odar, a Turai ma kwana 14 ɗin nan ba naka ba ne, sharaɗin da ka amince da shi kawai za a duba.

Akwai wuri ɗaya da ban san wata jayayya a kansa ba: idan laifin na mai sayarwa ne. Kaya sun zo a lalace, ko an aiko wani abu daban, ko abin da aka rubuta a talla ba shi ne a cikin kwali ba. A nan cire ko sisi zalunci ne, kuma kuɗin dawowar ma a kansa yake. Malaman fiƙihu sun daɗe da raba waɗannan biyun. Mayar da kaya saboda aibi haƙƙi ne da ba ya jiran yardar mai sayarwa. Warware ciniki saboda nadama kuwa, wanda suke kira iƙala, alfarma ce da ake kwaɗaitar da mai sayarwa ya yi. Kai dai, bisa abin da ka faɗa da bakinka, a ɓangaren nadama kake, sai fa idan bayanin da ke shafin ne ya ruɗe ka. Koma ka karanta shi da kyau. Idan an rubuta tana buga launi ko tana buga gaba da baya alhali ba ta yi, labari ya sha bamban, kuma ka ɗauki hoton shafin yanzu kafin su gyara.

Ka tambayi ina laifinka. Zan faɗa maka ba tare da kwana-kwana ba. Ka biya kuɗi kafin ka tabbatar da abin da kake saye, kuma ka kwana ka yi hantsi kafin ka duba. Oda alkawari ce. Daga lokacin da ka danna, wasu mutane sun fara motsi dominka, kuma an hana wani sayen wannan firintar. Yadda ka fasa ma yana da tasiri. Na sha ganin wanda ya aika saƙon fasawa ta shafin sada zumunta na kamfani, ko ya mayar da amsa ga imel ɗin da aka rubuta ƙarara cewa ba a karanta amsarsa, sannan ya zo yana rantsuwa ya sanar da mu tun jiya. Ya sanar ɗin, amma bai isa sito ba sai bayan mota ta tashi. Maɓallin sokewa da ke cikin asusunka shi ne ke magana da manhajar sito kai tsaye, shi ake fara dannawa, sannan a bi da rubutu mai ɗauke da lambar oda, a ajiye hoton allo mai nuna rana da lokaci. Kiran waya yana da sauri amma ba ya barin shaida.

Wasu kuma dabararsu ita ce su yi shiru, in mai kawo kaya ya zo su ce ba sa karɓa, ko su ƙi ɗaga waya. Wannan ita ce hanya mafi tsada. Kwalin zai yi kwanaki yana yawo, a sake gwada kawowa, a ajiye a tasha, sannan ya dawo da caji a kansa, kuma yawancin sharuɗɗa sun ɗora wannan cajin a kan mai saye. A Turai ma doka ta ce sai ka bayyana a fili cewa ka fasa. A Jamus, tun 2014, mayar da kwali kawai babu wata magana ba ya zama fasawa.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai masu sayen da su suka ja wa kowa wannan tsananin. Rigar da ta dawo da ƙamshin turare da alamar hoda a wuya, an lanƙwasa takardar farashinta ciki an je biki da ita. Kyamarar da aka saya ranar Alhamis aka dawo da ita Litinin da hotunan taro a katinta. Mafi muni, kwalin da muka buɗe muka tarar da tsohuwar na'ura irin tamu sak, an ciro sabuwar an sa matacciya. Daga ranar muka fara ɗaukar bidiyon buɗe kowane kwali mai tsada. Irin wannan, da yawan dawo da kaya gaba ɗaya, shi ya sa manyan kamfanonin da suka saba karɓa kyauta suka fara ja da baya. Zara mai sayar da tufafi, alal misali, ta fara cajin dawo da kaya ta masu jigila a Birtaniya a 2022. Wancan kuɗin aikawa ne, ba na mayarwa sito ba, kuma yana da kyau ka riƙa bambanta su, domin wasu masu sayarwar suna cire duka biyun a kan aiki ɗaya.

Idan ta wata babbar kasuwar intanet ka saya, wato inda ƙananan 'yan kasuwa ke baje kaya a ƙarƙashin inuwar babban kamfani, duba ƙa'idar kasuwar kafin ta ɗan kasuwar, domin ita ce a sama. eBay, ɗaya daga cikin irin waɗannan kasuwanni, ta hana masu sayarwa sa kuɗin mayar da kaya sito tun 2018, abin da ta bari shi ne ragi idan kaya sun dawo da lahani ko alamar amfani. Sau da yawa ɗan kasuwa yana rubuta sharaɗin da kasuwar da yake ciki ba ta yarda da shi ba, yana dogaro da cewa ba wanda zai bincika.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Kada ka fara da faɗa ko barazanar kotu, wanda zai karanta saƙonka ba shi ya kafa dokar ba, kuma yana da ɗan ikon yafewa da yake amfani da shi ga wanda ya ga dama. Rubuta musu gajeren saƙo kamar haka: "Na soke oda mai lamba kaza ranar kaza da ƙarfe kaza, ga hoton shaida. Don Allah ku aiko min da lambar bibiyar kayan da lokacin da kamfanin jigila ya karɓe su. Ku kuma nuna min inda aka bayyana wannan cajin kafin in biya, da abin da ya ƙunsa." Lambar bibiya ba ta ƙarya. Akwai bambanci tsakanin "an buga takardar adireshi" da "mun karɓi kaya", kuma shafin kamfanin jigila yana nuna kowanne da lokacinsa. Idan lokacin karɓar ya zo bayan saƙonka, ko babu lambar ma sam, ka ce musu kai tsaye kayan ba su bar hannunsu ba, ka yarda a cire ladan kati in har sun yi asararsa, sauran kuma a mayar maka. Idan ma'aikacin da ya fara amsa maka ya ce manhaja ce ta cire, ka nemi a miƙa maganar ga na sama da shi.

Kana kuma da wani makami da ba ka lura da shi ba: har yanzu kana buƙatar firinta. Ka ce musu ba kuɗinka kake son janyewa ba, musanya kake so da wadda ta dace da aikinka. A shekarun da na yi a wannan teburin, da wuya na ga an cire wa mai musanya wannan kuɗin, domin ciniki bai mutu ba, sauya kaya kawai aka yi.

Maganar kai ƙara banki a janyo kuɗin ta hanyar kati, ka ajiye ta sai ƙarshe. Tana aiki idan ba a bayyana sharaɗin ba, ko an ƙi mayar da abin da aka yi alkawari, kuma wa'adinta a Visa da Mastercard galibi kwana 120 ne. Amma idan mai sayarwa ya kawo hoton shafin da ka sa alama a ɗan akwatin "na amince", da shaidar cewa kaya sun riga sun tashi, banki zai ba shi gaskiya, kuma wataƙila mai sayarwar ya rufe asusunka a wurinsa. Kada kuma ka ce wa banki ba kai ka yi cinikin ba don a yi saurin mayar maka. Wannan ƙarya ce mai iya zame maka laifi.

In ya tabbata firintar tana hanya tun kafin ka fasa, sharaɗin yana rubuce a inda ya kamata ka gani, kuma dokar inda kake ba ta hana shi ba, to sai lissafi. Karɓi kwalin, kada ka yanke hatimin masana'anta, ka ɗauki hotonsa ta kowace kusurwa tare da lambar da ke gefensa. Da yawan masu sayarwa suna rage cajin ko su janye shi ga kayan da ba a buɗe ba, ko da ba su rubuta hakan ba, sai an tambaya. Idan sun ƙi, haɗa kashi 20 ɗin da kuɗin aikawa baya, ka gwada da abin da za ka rasa in ka sayar da ita da kanka tana sabuwa a kwalinta, ka bi wanda ya fi sauƙi a cikin biyun.